Lesin ɗin Asabar a lab ɗin wajen Ƙofar Ƙaura: kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma akwai gyara

'Yan ajinmu da yawa sun dame ni da tambaya a kan lesin ɗin maikrobayolojin nan da ake yi ranar Asabar, wai ya ci kuɗinshi ko kuwa irin wanda za a zaunar da kai ne a karanta maka handawut a amshe 'yan kuɗinka. To gaskiya ya ci kuɗinshi, musamman ɓangaren da aka yi mana a kan yadda bakteriya masu sa cuta ke kunna ƙwayoyin gadonsu na ɓarna da yadda suke rufe su, wanda shi ne ɓangaren da ya fi ba kowa wuya a jarabawa. Amma akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, su ma zan faɗa don kar wata ta je ta ce ban gaya mata ba.

Wurin dai lab ne na kuɗi a nan Katsina, irin wanda ake kai fitsari da jini gwaji, yana nan cikin wani layi idan ka sauka kurkura a shataletalen Ƙofar Ƙaura ka ɗan taka. Mai wurin ma'aikacin lab ne da ya daɗe a aikin, mu Malam kawai muke ce mashi, sai wata Anti da ke taimaka mashi wajen dafa aga, wato abincin da ake noma ƙwayoyin cuta a kai, da zuba shi a faranti. Kuɗin duk wata ake biya, kuma ga ɗalibi ba za a ce arha ba ne tilis, amma in ka lissafa abin da farantai da aga da gas ɗin janareta ke ci yanzu ka san ba cutarka aka yi ba. Masu zuwa akwai 'yan jami'ar Umaru Musa Yar'adua, akwai masu tahowa daga Dutsin-Ma, da 'yan foli, da wasu 'yan makarantar koyon aikin lafiya.

Abin da ya fara saye ni shi ne Malam bai fara da allo ba. Farantai biyu ya ajiye gabanmu an naɗe bakinsu da tef, ɗaya ƙwayoyin da suka tsiro a kai jajaye ne jawur kamar an ɗiga jan fenti, ɗayan kuma farare fat masu ɗan ruwan madara. Ya ce mu faɗi sunan kowace. Kowa ya yi ta cankar suna biyu daban-daban, sai ya ce a'a, ƙwaya ɗaya ce, Serratia marcescens, daga kwalba ɗaya Anti ta ɗebo da ƙarfen ɗiba ɗaya rana ɗaya. Ɗaya ya kwana a kan benci inda zafi bai wuce digiri 25 zuwa 28 ba, ɗayan ya kwana cikin inkubeta a digiri 37. Sai ya ce "To ku gaya mani mi ya canza, tunda DNA ɗin nan bai canza ba." Wallahi ajin ya yi tsit. Ƙwayoyin gadon da ke ƙera jan launin suna nan a duka biyun, zafi ne ya sa ɗaya ta rufe su. Daga nan ya ɗauko zancen gaba ɗaya, ya ce abin da kuka gani da launi shi ne masu sa cuta ke yi da dafi, sai dai akasari su zafin jikin mutum ne ke kunna masu, ba rufewa ba. Shawara a nan, wanda ke son ganin wannan gwajin da kyau ya zo lokacin hunturu, don a bazarar Katsina da ɗaki kanshi ke kusan kai zafin inkubeta farantan biyu duk fari za su fito sai in an samu ɗaki mai esi.

Ni abin da ya zauna mani shi ne tambayar mi ya sa ƙwayar ba za ta bar makamanta a kunne kullum ba ta huta. Ya ce dalili biyu ne. Ƙera dafi da alluran da take soka wa ƙwayoyin jikinmu yana cin ƙarfi da abinci, har an gani a Salmonella cewa waɗanda suka kunna kayan kutsawa cikin hanji sun fi 'yan uwansu jinkirin hayayyafa. Na biyu kuma duk abin da ta fito da shi a bayanta sojojin jiki na iya gane shi, to gara ta ɓoye sai lokacin ya yi. Shi ya sa kowace ke da hanyar gane cewa yanzu fa na shigo jikin mutum. Shigella mai kawo atuni, in tana cikin ruwa ko abinci wani furotin da ake kira H-NS yana danne ƙwayar gadon virF, da zafi ya kai 37 sai lanƙwasar DNA ɗin wurin ta saki, H-NS ya rasa riƙo, VirF ya fito ya tada sauran ƙwayoyin gadon ɓarna. Ta Listeria, wadda ake ɗauka a gurɓataccen abinci, ma ta fi ban mamaki, ita saƙon RNA ɗin da zai zama furotin PrfA ne ke naɗe kanshi ya rufe wurin da za a fara karanta shi idan ana sanyi, da ya ji zafin jiki sai naɗin ya warware, ƙungiyar Pascale Cossart a cibiyar Pasteur ta Faransa ce ta nuna haka a 2002. Malam ya ɗauki igiyar caza ya murɗe ta ya sake ta a gabanmu, shi kenan kowa ya gane. Ya ce ƙwayar sanƙarau ma tana da irin wannan ma'aunin zafin, idan zafin jiki ya hau sai ta ƙara kaurin rigar da take lulluɓa da ita. Wani ya yi caraf ya ce ashe shi ya sa sanƙarau ke zuwa da zafi, Malam ya ce kar ya haɗa su, lokacin sanƙarau ya fi alaƙa da ƙura da busasshiyar iska da ke raunata maƙogwaro da kuma cunkoso a ɗaki. Na ji daɗin wannan sosai, ba ya barin mutum ya tafi da bayanin da ya yi daɗin ji alhali ba haka yake ba.

Ranar da aka yi mashaƙo kuwa ita ce ranar da na fi jin jikina ya yi sanyi, don tun ƙarshen 2022 da cutar ta ɓarke a Arewa, Kano ta fi kowa jin jiki amma mu ma Katsina ba ta bar mu ba, kusan kowa a ajin ya san gidan da aka yi rashin yaro. Ashe ƙwayar mashaƙo ba kowace ce ke da dafi ba. Ƙwayar gadon dafin ta wani bairos ce da ke shiga cikin bakteriyar ya zauna a DNA ɗinta, Victor Freeman ne ya gano haka a 1951. Amma makullin da ke buɗewa da rufewa na bakteriyar ne, sunanshi DtxR, kuma sinadarin ƙarfe ne ke juya shi. Idan akwai ƙarfe isasshe sai ya manne da DtxR, shi kuma ya je ya zauna daram a bakin ƙwayar gadon dafin, ba a ƙera komai. Idan ƙarfe ya yi ƙaranci DtxR ya saki wurin, dafi ya fara zuba. To jikin mutum kuma da gangan yake ɓoye ƙarfenshi, yana ƙulle shi cikin jan jini da cikin furotin irin su taransferin da laktoferin don kar ƙwayoyin cuta su samu, sai ya zama wannan ɓoyon da jiki ke yi don kare kanshi shi ne alamar da ƙwayar ke jira. Tun 1936 Pappenheimer ya lura cewa yawan ƙarfe a abincin da ake noma ƙwayar yana rage dafin, amma sai wajen 1990 aka kamo DtxR ɗin kanshi. Shi dafin idan ya shiga ƙwayar jiki yana tsayar da ƙera furotin gaba ɗaya, guda ɗaya tak ya isa kashe ƙwayar jiki ɗaya, shi ya sa bayan farar fatar nan da ke toshe maƙogwaro da kumburin wuya, yaro na iya samun matsalar zuciya ko shanyewar jijiya bayan an ɗauka ya warke. Anti ce ta sa baki a nan ta ce shi ya sa antibayotik kaɗai ba ya isa, dafin da ya riga ya fita sai an yi allurar da ke kama shi, kuma rigakafin Penta da ake wa jarirai a sati 6 da 10 da 14 dafin da aka kashe wa kaifi ne a ciki, jiki na koyon tare dafin tun kafin ya zo. Ba a kawo mana ƙwayar mashaƙo ba, kuma daidai ne, hoton gwajin Elek kawai aka nuna mana inda ake ganin fararen layuka idan ƙwayar mai dafi ce.

Kwalara ita ma an daɗe a kanta, kuma ta cancanta, don a 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a ƙasar nan, sama da 3,000 suka rasu, Katsina na cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. Ƙwayar kwalara, Vibrio cholerae, a ruwa take zamanta ba ruwanta da kowa. Idan aka sha ta, ta tsallake asid ɗin ciki ta isa ƙaramin hanji, furotin biyu da ke jikin fatarta, ToxR da TcpP, su ke haɗuwa su kunna ToxT, shi kuma ToxT ya kunna abu biyu a tare, gashin da take maƙalewa da shi a bangon hanji da kuma dafin da ke sa hanji ya yi ta tsiyayo ruwa da gishiri, har babba na iya zubar da kusan lita guda a awa ɗaya, zawon nan mai kama da ruwan wankin shinkafa. Ita ma dafin nata bairos ne ya kawo mata, Waldor da Mekalanos suka nuna a 1996. Sai Malam ya shigo da maganar ƙirgar juna da ake ce ma kworam sensin, ya ce kowace ƙwaya tana sakin wani ɗan sinadari, idan sun yi yawa sinadarin ya taru sai duk su ji su canza hali lokaci guda, kamar gayya, ba mai sa fartanya a gona sai an ga jama'a sun hallara. Mafi yawan masu cuta sai sun taru suke sakin dafi. Kwalara kuwa baibai take yi, tun suna 'yan kaɗan suke ɓarna, da sun cika hanji sai furotin HapR ya rufe dafin da gashin, ya kunna wani sinadari mai yanke maƙalewar, su saki hanjin su bi zawon su fita neman wani ruwan. In ka fahimci wannan ba sai an yi maka wa'azi a kan masai kusa da rijiya ba.

Farantan da aka nuna mana a wannan ɓangaren su ma sun yi. Akwai na Pseudomonas aeruginosa da agan gaba ɗaya ya rine ya koma kore-kore mai ɗan shuɗi, ga wani ƙamshi-ƙamshi mai zaƙi da ke fitowa ko da ba a buɗe ba, Anti ta ce duk wanda ya yi aiki a ɗakin masu ƙuna ya san launin nan a jikin bandeji. Launin kanshi guba ne, kuma ƙirgar junan ce ke kunna shi ta hanyar Las da Rhl. Sai na Staphylococcus aureus mai kawo maruru a kan aga mai jini, in ka ɗaga shi saitin taga za ka ga kewayen kowane ɗigo ya washe haske na wucewa, jajayen ƙwayoyin jinin wurin sun fashe. Ita tsarinta agr ne, suna kaɗan su ƙera kayan mannewa, sun yi yawa su rage mannewa su saki masu fasa nama. A nan zan yaba masu a kan tsaro, ba ɗalibin da ke buɗe faranti, ba ci ba sha, ba taɓa waya da safar hannu, wata ta ɗora jakarta a benci Anti ta ce "Ƙanwata sauke ta, gidanku za ki kai ta fa," kuma kowa sai ya wanke hannu a gabanta kafin ya fita.

Inda lesin ya gaza a wurina shi ne tsarin nan mai furotin biyu, ɗaya a fata yana jin abin da ke waje ɗaya a ciki yana karɓar fosfet ya je kan DNA. Wannan shi ne ƙashin bayan darasin kuma shi malamai suka fi tambaya, amma a gurguje aka bi ta kanshi saboda masu kawo gwaji sun taru a waje ana ta ƙwanƙwasa ƙofa. An dai ambaci PhoP da PhoQ na Salmonella, cewa idan ƙwayar jiki mai haɗiye cuta ta haɗiye ta, ƙarancin maganiziyam da tsamin wurin ne ke gaya mata inda take, sai ta rufe kayan kutsawa na SPI-1 ta koma na SPI-2 masu sa ta rayu a ciki. Minti kaɗan aka ba wannan, alhali taifod, wadda wani nau'in Salmonella ke kawowa, ita ce cutar da kowane gida ke ambata a garin nan. Da ni ce da Asabar guda cur zan ba ta. Na yi ma Malam magana ya ce zai maimaita, kuma na yarda da shi, sai dai matsalar za ta dawo muddin lokacin lesin da lokacin kwastoma ɗaya ne.

Akwai wata magana da ya yi da nake ganin ko wanda ba ɗalibi ba ya kamata ya ji. Wasu nau'in E. coli masu sa zawo da jini, dafinsu na Shiga shi ma a cikin bairos yake kwance a DNA ɗinsu. Idan wani abu ya lalata DNA ɗin ƙwayar sai ta tada tsarin gyaran gaggawa na SOS, wannan kuma shi ke tada bairos ɗin daga barci ya yi ta kwafar kanshi tare da dafin. Magunguna irin su sifro ta hanyar lalata DNA suke aiki, an kuma nuna a lab da jikin dabbobi cewa suna ƙara yawan dafin, dafin nan kuma ƙoda yake bi musamman a yara. Ba cewa ya yi sifro ba ta da amfani ba, akwai zawon da ita ce maganinshi, cewa ya yi ba kowane zawo mai jini ne za a ruga kemis a ce a ba ni sifro ba, a kai yaro asibiti a duba. Ya kawo kishiyar haka ma, kilindamaisin da likitoci ke ƙarawa a wasu munanan cututtukan nama saboda tana tsayar da ƙera furotin, dafin ya ragu tun kafin ƙwayoyin su gama mutuwa. Na daɗe ina juya wannan a raina, don gidanmu ma akwai ledar ragowar magani da ake buɗewa duk wanda cikinshi ya murɗa.

Sauran ƙorafina na wurin ne. Ɗakin ƙarami ne ƙwarai, in aka cika na baya ba ya ganin allo sai ya miƙe, fanka ɗaya ce kuma in an ɗauke wuta inbata inkubeta da firij kawai take ja, wannan kam ba laifinsu ba ne don ƙwayoyin sun fi mu buƙata, amma zufa sai ta jiƙe hijabi. Handawut ɗin hoto ne na hoto, zanen ToxR da ToxT kibiyoyin sun dushe har ba ka gane wace ke kunnawa wace ke rufewa, kuma a wannan darasin kibiya ɗaya in ta juye komai ya juye. Maikroskop biyu ne, ɗaya madubinshi da ake ɗiga wa mai ya yi hazo. Sannan lokaci, ana cewa bayan azahar amma sai a ja, a tashi dab da magariba, mu mata da masu komawa Batagarawa ko Dutsin-Ma abin yana takura mana sosai, ya kamata a dawo da shi safe. Ba sa ba da satifiket, wanda ke neman takardar da zai liƙa a fayil ba nan ba ne.

Bayanin da Hausa yake yinshi, sunayen furotin kawai ke zama yadda suke, sannan a ƙarshe ya sa kowa ya rubuta da Turanci kamar a jarabawa ya duba maka da jan biro, wannan haɗin ya taimaka mani fiye da duk bidiyon YouTube da na kalla. Ɗan aji uku ko huɗu da mai shirin firojek su za su fi amfana. Ɗan aji ɗaya da bai riga ya san yadda ake kwafar DNA zuwa RNA zuwa furotin ba gara ya bari sai baɗi, don Malam ba ya komawa baya a kan wannan. Ku taho da farar rigar lab da takalmi rufaffe, safar hannu ma ku sayo taku don tasu ba ta isa kowa, mata kuma a sa ƙaramin hijabi da za a cusa cikin riga saboda akwai wutar gas a kan benci. Wata mai zuwa ance za a shiga maganar yadda ƙwayoyi ke yin dafifi su manne a robar fitsari da duwatsun matsarmama, Anti ta riga ta ce za a rina bututu da shuɗi mu gani da idonmu, ni dai na riga na biya nawa.